Majinyacin ƙanjamau da ya zo a makare: me kuke fara dubawa?

Nas, ɗakin karɓar magani: Assalamu alaikum, abokan aiki. Ina so mu haɗa abin da kowa ke gani a wurin aikinsa kan mutanen da ke zuwa cuta ta riga ta ci jiki, wato ƙwayoyin garkuwar jikinsu na CD4 sun sauka ƙasa da 200. A wurinmu da yawansu ba sababbi ba ne. Sun taɓa shan magani, suka ji sauƙi suka ajiye, sai bayan shekara ɗaya ko biyu a kawo su a rame, da zawo da zazzaɓin da ba ya sauka. Me kuke fara nema kafin ku mayar da su kan magani?

Likita, sashen jinyar manya: Wa alaikumus salam, Sista. Tarin fuka, kafin komai. Shi ne ya fi kashe masu ɗauke da wannan cuta a duniya. Tambayoyi huɗu ne: tari, zazzaɓi, rama, zufa da dare. Ko ɗaya aka samu, a nemi tarin. Matsalar ita ce idan garkuwa ta yi ƙasa sosai, tarin ba ya zuwa da kamanninsa. Hoton ƙirji na iya fitowa kamar lafiya lau, mutum ba ya fitar da kaki, alhali ƙwayar ta bazu zuwa kaluluwa, ciki, ko jakar da ta lulluɓe zuciya. Saboda haka ba ma tsayawa kan kaki kaɗai. A kai kaki na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tarin fuka, a kuma yi gwajin LAM, mai neman alamar tarin a fitsari, a gefen gado, minti 25 sakamako ya fito. Idan ya nuna akwai, a fara maganin tari. Idan bai nuna ba, wannan bai wanke mutum ba, a ci gaba da bincike. Maganin ƙanjamau kuma a fara shi cikin mako 2 da fara na tari, sai fa idan tarin ya shiga ƙwaƙwalwa, nan a jira mako 4 zuwa 8.

Mai harhaɗa magani: Ranka ya daɗe, in ɗora a kan wannan. Rifamfisin da ke cikin maganin tari yana sa hanta ta ƙone dolutegirabir, ɗaya daga cikin magungunan ƙanjamau, da sauri. TLD, maganin ƙanjamau da muke bayarwa, ƙwaya ɗaya ce mai tenofobir 300, lamibudin 300 da dolutegirabir miligiram 50, to mai shan maganin tari yana buƙatar ƙarin dolutegirabir 50 bayan awa 12. Wannan ƙarin shi aka fi mantawa, musamman idan ɗakin tari daban, ɗakin ƙanjamau daban. Sai a ga ƙwayar cutar ta ƙi sauka a jini, a ɗora wa majinyaci laifin rashin shan magani.

Haka maganin ƙarin jini, kalsiyam da ruwan maganin ulsa: suna riƙe dolutegirabir a hanji. A sha TLD awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Masu ciki ya fi shafa, don su ake ba ƙwayar ƙarin jini kullum.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Ni roƙona shi ne gwajin CrAg a jini ga duk wanda CD4 ɗinsa bai kai 200 ba, ballantana ƙasa da 100. Tsinke ne irin na gwajin maleriya, minti 10 ya isa. Yana gano ƙwayar da ke haddasa sanƙarau makonni kafin ciwon kai ya fara. Wanda aka samu da ita, a ɗebi ruwan bayansa a duba idan da hali. In bai kai ƙwaƙwalwa ba, ƙwayar fulukonazol ta wadatar.

Likita: Wannan sanƙarau ɗin ya kamata mu tsaya a kansa, don ba irin na lokacin zafi ba ne da mutane suka sani. A hankali yake zuwa. Ciwon kai na mako biyu ko uku, amai, gani biyu-biyu, sai mutum ya fara sambatu ko ya daina gane 'yan'uwansa. Sau da yawa wuya ba ya sanƙarewa, zazzaɓi ma ba lallai ba. Shi ya sa a gida ake cewa iska ce ko jifa, a yi ta hayaƙi da rubutu har ya suma. A asibiti kuma a yi ta ba shi allurar maleriya.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ita ce amfoterisin B mai kitse, miligiram 10 kan kowane kilo, sau ɗaya tak ta jijiya, tare da fulusaitosin na kwana 14, da fulukonazol miligiram 1200 kullum, shi ma na kwana 14. Bayan nan fulukonazol 800 na mako 8, sannan 200 kullum. Amma magani kaɗai ba ya ceto. Ƙwayar tana toshe hanyar da ruwan ƙwaƙwalwa ke tsanewa, ruwan ya taru ya matse ƙwaƙwalwa da jijiyar ido. Dole a riƙa ɗibar ruwan baya, wajen mililita 20 zuwa 30, a maimaita duk ranar da ciwon kai ya dawo. 'Yan'uwa kan ƙi yarda, wai ɗibar ruwan baya ke kashe mutum. A zauna da su a yi bayani a tsanake, don ɗibar ce ke hana makanta. Kuma kada a fara maganin ƙanjamau sai bayan mako 4 zuwa 6. An gwada farawa da wuri, mace-mace suka ƙaru.

Nas: Likita, wannan jinkirin shi ke ɗaure wa sababbin ma'aikata kai, tunda an koya mana a fara magani ranar da aka gano cutar.

Likita: Ƙa'idar tana nan, Sista, ga wanda ba shi da alamar ciwon ƙwaƙwalwa. Dalilin togaciyar shi ne idan garkuwa ta farfaɗo, takan far wa ƙwayoyin da ta tarar da ƙarfi, wurin ya kumbura. A kaluluwar wuya, kumburi ne da zazzaɓi, a ci gaba da magani, wani lokaci a ƙara firedinisolon, maganin rage kumburi. A cikin ƙoƙon kai babu wurin da kumburi zai je. Ku gaya wa majinyaci tun ranar farko cewa jiki na iya tsananta a makonnin farko, ya dawo asibiti, kada ya ce maganin ne bai karɓe shi ba.

Jami'in lafiya, ƙaramin asibitin karkara: Mu nan ba na'urar CD4, ido da hannu ne aikinmu. Ina buɗa bakin kowa da tocila. Farin abu a harshe da dasashi da ake iya gogewa ya bar ja a ƙasa, alama ce garkuwa ta faɗi. In ya haɗa da zafi a ƙirji wajen haɗiya, ya sauka maƙogwaro, maganin kurkure baki ba zai yi ba, sai fulukonazol 200 kullum na kwana 14 zuwa 21. A duba ganɗa da ƙafafu, ko akwai tabo baƙi-baƙi mai tauri marar ciwo, sankarar Kaposi ke nan, sai turawa babban asibiti. Ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi da suka bi layi a gefe ɗaya na jiki, a jikin matashi, su ma dalili ne na yin gwajin ƙanjamau. Wanda ba ya iya tafiya sai an riƙe shi, ko numfashinsa ya wuce 30 a minti, ko bugun zuciya ya wuce 120, ba na ajiye shi a nan ko kwana ɗaya, sai in tura shi babban asibiti.

Mai harhaɗa magani: Malam, kada Septrin ya faɗi a lissafi. Miligiram 960 kullum yana kare mutum daga namoniyar da ke zuwa da busasshen tari da haki, da ƙurjin ƙwaƙwalwa mai kawo farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki, yana kuma rage maleriya da zawo. Amma in ƙuraje suka feso har leɓe da ido suka fara saɓulewa, a tsayar nan take. Wanda aka tabbatar ba shi da tari, a ba shi rigakafi, aisoniyazid 300 na wata 6 tare da bitamin B6, don ba tare da shi ba ƙafafu na yin zugi da mutuwa. Tenofobir kuma yana iya taɓa ƙoda, a riƙa aunawa, musamman mai hawan jini ko ciwon suga ko mai yawan shan maganin ciwon jiki. Mai ciwon hanta nau'in B in ya ajiye TLD, hantar na iya tashi da shawara mai tsanani.

Ungozoma: A ɓangaren mata, haɗarin sankarar bakin mahaifa ya ninka kusan sau 6 ga mai ɗauke da cutar, don haka a fara dubawa daga shekara 25, ba sai jini ya fara zuba ba. Jariri kuma a ba shi maganin kariya tun daga haihuwa, a yi masa gwajin ɗigon jini a mako 6 a fara masa Septrin. Yaron da ya kamu ba ya jira kamar babba: ba tare da magani ba, kusan rabi ba sa kai shekara 2.

Nas: Na gode, Hajiya. Abu ɗaya zan ƙara: azumi. Da yawa suna ajiye magani a Ramadan saboda sun saba sha da safe. TLD sau ɗaya ake sha, a mayar da shi bayan buɗa-baki ko lokacin sahur, a tsaya kan lokacin. Mai shan ƙarin dolutegirabir saboda maganin tari kuwa mara lafiya ne, a gaya masa ya tuntuɓi malaminsa kan rangwamen da addini ya yi masa. Malam na karkara, me kuke yi da wanda za a tura babban asibiti amma ba shi da kuɗin mota?