Neman kalma: me za mu kira dajin da gajimare yake kwana a cikinsa?

Mai buɗe zance, mai fassara a wani gidan rediyo a Maradi:

Assalamu alaikum, malamai da ƴan'uwa. A makon jiya aka ba ni wani shiri in mayar da shi Hausa, wanda yake bayani a kan baƙin da suke zuwa ƙasar Kosta Rika domin ganin tsuntsaye a wani irin daji da Faransawa suke kira forêt de nuages, mutanen ƙasar kuma suke ce masa bosque nuboso da Sifaniyanci. Da yake lokaci ya ƙure mini, sai na rubuta "dajin hazo" na karanta haka nan. Shirin bai daɗe da fita ba wani dattijo daga Tibiri ya kira waya, ya tambaye ni cikin ladabi wane irin mutum ne zai biya kuɗin jirgi domin ya je ya shaƙi ƙura, kuma wane tsuntsu ne ake iya gani a cikin hazo. Na rasa amsar da zan ba shi, domin gaskiyarsa ce.

Ga abin da nake son a raɗa wa suna. Daji ne da yake fitowa a jikin manyan tsaunuka na ƙasashe masu zafi, galibi tsakanin mita 1,000 da mita 3,000 daga saman teku, inda gajimare yake sauka har ƙasa ya ratsa tsakanin itatuwa kusan kullum. Wanda shirin ya yi magana a kansa shi ne na Monteberde, da aka keɓe tun 1972, inda aka ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 400. Za a maimaita shirin a wata mai kamawa, ina so in gyara kafin nan.

Amsar wani tsohon malamin ilimin ƙasa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Dattijon nan ya yi maka gyaran da ya kamata. A kunnen mutumin Maradi, hazo abu ne na hunturu, wato ƙurar da iskar arewa maso gabas take kwasowa daga Sahara tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu, mai busar da leɓe da tsage ƙafa. Abin da kake bayani kuwa kishiyar wannan ne ta kowace fuska, domin danshi ne tsantsa. Na san cewa a wasu rubuce-rubuce ana amfani da hazo a nufi tururin ruwa na safiya, amma mai sauraron rediyo ba ƙamus yake riƙe da shi ba, abin da jikinsa ya sani shi zai fahimta.

Yadda abin yake faruwa shi ne, iska mai ɗauke da danshin teku takan ci karo da tsauni, sai dole ta hau, kuma duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kimanin digiri 6. Idan ta yi sanyi sai danshin ya dunƙule ya zama gajimare daidai inda itatuwan suke. Saboda haka tsawo shi kaɗai ba ya wadatarwa. Dutsen Idukal-n-Tages da ke Bagzan a yankin Ayar ya kai mita 2,022, tsawon da ya isa a sami irin wannan daji, amma iskar da take isa can busasshiya ce, shi ya sa ba a samunsa a ƙasarmu ko kaɗan.

Kalmar "daji" ma ina da ja a kanta. Idan aka ce daji a nan, abin da yake zuwa wa mutum shi ne irin na Baban Rafi ko na Gadabeji, inda ake hangen nesa ta tsakanin sabara da geza da ƙaya. Muna da kalmar da ta dace, wato kurmi, wurin da itatuwa suka haɗe kai har rana ba ta taɓa ƙasa. Shawarata ita ce "kurmin tsauni".

Amsar wata ma'aikaciyar kula da gandun daji:

Baba Malam, Allah ya ƙara sani. Na yarda da kurmi ɗari bisa ɗari, amma ina neman afuwa a kan tsauni, domin ba kowane kurmin da ke kan tsauni ne gajimare yake lulluɓewa ba, kuma a aikinmu ana bambanta su. Abin da ya keɓe wannan kurmi shi ne yadda yake samun ruwa ko da ba a yi ruwan sama ba. Ganyaye da rassa suna tare ƙananan ɗigon da ke cikin gajimaren, su taru su yi nauyi, sannan su riƙa ɗiga ƙasa dare da rana, har su ciyar da ƙoramun da garuruwan gindin tsaunin suke sha a lokacin rani. Itatuwan ba su kai na kurmin kwari tsawo ba, sun fi gajarta da karkacewa, kuma jikinsu duk a rufe yake da gansakuka da wasu tsirrai da suke zaune a kan reshe. Waɗannan tsirrai sun bambanta da kaucin da muka sani, domin shi kauci tsotsar itacen yake yi, su kuwa wurin zama kawai suka ara, ruwansu daga iska suke sha.

Saboda wannan nake ganin "kurmin raɓa" ya fi kusa. Manomi ya san raɓa, ya san tana jiƙa wando ba tare da hadari ba, har ma Hausa ta kira bayan ƙwauri sha-raɓa.

Amsar wani direban babbar mota:

Hajiya, ni ba malami ba ne, amma na yi shekaru ina ɗaukar kaya zuwa Gembu a tsaunin Mambila ta jihar Taraba, kuma na ga abin da kuke magana a kai da idona. Raɓa da hantsi take bushewa, kuma ba ta hana mutum gani. Wannan abin kuwa, idan ka wuce Serti ka kama Hawan Biyu da Sisi, za ka iya shiga cikinsa da rana tsaka, ka kunna fitila amma ba ka ganin motar da ke gabanka. Idan ka isa sama ka waiwaya, sai ka ga shi a ƙarƙashinka kamar an shimfiɗa auduga. Yaron motata da ya fara zuwa cewa ya yi mun shiga cikin gajimare, kuma ban ga abin da zan gyara masa ba. A can saman akwai wani kurmi da ake kira Ngel Nyaki, ba nisa da ƙauyen Yelwa, inda masu bincike suke zuwa duba itatuwa da birai da tsuntsaye. Ashe abin bai yi mana nisan Kosta Rika ba.

Tsohon malami:

Alhaji ya raba gardama, kuma na janye tsauni. Da na sake tunani sai na ga cewa kalmar gajimare ta riga ta ɗauke wannan nauyi, domin ba inda gajimare yake zama a kan ƙasa kullum sai wuri mai tudu. Wannan kuma ya warware wata damuwa da nake da ita, cewa a bakin mutanenmu Kurmi yana nufin ƙasashen kudu masu zafi inda goro da manja suke fitowa. Da zarar an haɗa shi da gajimare, mai sauraro zai gane cewa wani kurmin ne daban. Saura zaɓi tsakanin gajimare da girgije. Girgije a wurina ƙwaya ɗaya ne da ake iya nunawa da yatsa, jam'insa gizagizai, shi kuwa gajimare ya fi kama da abin da ya bazu ba a ƙidaya shi. Hadari ba ya cikin lissafi, domin shi da tsawa da iska yake tafe. Na tuna kakata takan kira bakan gizo da sunan gajimare, amma ban ji wannan a bakin yaran yanzu ba, kuma ba na jin zai kawo ruɗani. Na tsaya a kan "kurmin gajimare".

Mai buɗe zance:

Na gode ƙwarai, na rubuta. Sai dai akwai kalma ta biyu da ta fi ba ni wahala, wato sunan abin da baƙin suke yi. Na ce "kallon tsuntsaye", amma shirin da kansa ya nuna cewa kallo kaɗan ne daga cikin aikin. A cikin kurmin gajimare ba a gani da nisa, gilashin madubin hangen nesa yana yin gumi, tsuntsun kuma yana can sama cikin ganye. Mai jagora yakan gane yawancin tsuntsayen ne ta kukansu, kuma akan fita tun da asuba kafin gajimaren ya yi kauri. Akan yi tafiya mai tsawo shiru kamar ba mai rai, sai kwatsam ayarin tsuntsaye iri-iri da suke kiwo tare ya ratso, a ga nau'i da yawa cikin ƴan mintoci, sannan wurin ya sake yin tsit. Wanda kowa yake burin gani shi ne ketsal, mai koren baya da jan ƙirji, wanda gashin bayan namijinsa yake zarce rabin mita. Shi ne tsuntsun da ƙasar Gwatemala ta ɗauka tambarinta, har kuɗinta ma sunansa ya ci. Masu jagora sukan kai baƙi gindin wani itace ɗan'uwan fiya wanda ketsal yake haɗiye ƴaƴansa ɗungurungum, a tsaya a jira, wani lokaci sa'o'i. Shin wannan kallo ne?

Tsohon malami:

Wannan fako ne, ƙanena, irin na maharbi a bakin tafki. Sanin wurin kiwo, da sammako, da yin shiru, da haƙurin jira, duk ilimin maharba ne. Maharbanmu har kan burtu suke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe domin kada dabba ta tsorata. Me zai hana mu ce "fakon tsuntsaye"?

Ma'aikaciyar gandun daji:

Baba Malam, a nan kam ina roƙon a yi hattara, domin fako ƙarshensa harbi ne, kuma wannan shi ne ainihin abin da muke fama da shi. Idan yaro ya ji a rediyo cewa Turawa suna biyan kuɗi su yi fakon tsuntsaye, danƙonsa zai ɗauka ya nufi tafkin Madarumfa. Tsuntsayen kurmin gajimare kuwa ba su jure ɓarna, saboda kowane tsauni kamar tsibiri yake, kwari mai zafi ya raba shi da ɗan'uwansa, har ya zama akwai nau'in da ba a samunsa ko'ina sai a wuri guda. Misali na kusa da mu shi ne wani tsuntsu da ake kira turako na Bannerman, mai jan tukku, wanda ba ya rayuwa sai a tsaunukan yammacin Kamaru, musamman kurmin Kilum-Ijim da ke kewaye da dutsen Oku mai tsawon mita 3,011, kuma yana cikin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu saboda sarar kurmi domin noma da kiwo. A Monteberde ɗin ma akwai wani kwaɗo mai launin zinariya da ba a sake gani ba tun 1989, kuma masu bincike sun lura cewa kwanakin da gajimare ba ya sauka sun ƙaru, har wasu tsuntsayen kwari sun fara hawowa sama.

Sauran kalmomin ma kowace da cikas ɗinta. "Kiwon tsuntsaye" na mai kaji da zabi ne. "Duban tsuntsaye" zai sa a tuna ɗan duba. "Tsaron tsuntsaye" kuwa aikin yaran da suke korar jan-baki ne daga gonar gero. "Nazarin tsuntsaye" yana da kyau, amma a bar wa malaman jami'a da suke aunawa suna rubutawa, domin ba kowane baƙo ne mai nazari ba. Ni a ganina kallo bai yi laifi ba. Mai zuwa kallon kokawa ma ba ido kaɗai yake kaiwa fili ba, yana sauraren kiɗa da kirari, kuma ba wanda ya taɓa cewa kalmar ta gaza.

Direba:

Haka ne, Hajiya. Mu ma da muke jiran shamuwa ta dawo mu san damina ta kusa, in aka tambaye mu, kallonta za mu ce muna yi.

Mai buɗe zance:

To, na bar kallo a inda yake, zan kuma ƙara sauraro a jimlar farko domin a san kunne yana da rabo a aikin. Baba Malam, fakonka ba zan yar da shi ba, zan sa shi sau ɗaya tak wajen bayanin jiran ketsal, in biyo shi nan take da cewa babu baka babu bindiga. Ga yadda shirin zai buɗe: "Kowace shekara baƙi daga ƙasashe daban-daban suna hawa tsaunukan Kosta Rika domin kallo da sauraron tsuntsaye a kurmin gajimare, wato kurmin da yake can bisa tudu inda gajimare yake sauka har gindin itatuwa." Na riƙe lambar dattijon Tibiri, zan karanta masa wannan jimla ta waya kafin in shiga ɗakin watsa shiri, in ji ko har yanzu yana jin ƙura a cikinta.