Me ke cikin kanumfari da yake kashe zafin haƙori?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Turmin haƙorina na dama ya yi rami, cikin dare ya hana ni sakat. Kakata ta ce in tauna kanumfari guda in danne a wurin. Wallahi ba a jima ba dasashin ya mutu kamar an yi mini allura. Abin da ya ɗaure mini kai, wannan ƙamshin shi nake ji a ɗakin likitan haƙori. Da kanumfari suke aiki ne? Kuma in sayi mansa in riƙa ɗigawa?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Hancinki bai yi ƙarya ba. Sinadarin sunansa yujinol, shi ne kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na man kanumfari. Yana tare hanyar da jijiya ke aika saƙon zafi, shi ya sa wurin ke mutuwa, kuma yana kashe wasu ƙwayoyin cuta. Likitoci kan kwaɓa shi da farin garin zinki, ya daskare, su toshe ramin da shi kafin a yi cikon dindindin. Akwai shi a ganyen kirfa da wasu nau'o'in daddoya. A da har ƙamshin banila na kek ake sarrafawa daga gare shi.

Anti Nas: Ƙanwata, ki bar batun man nan. Ƙwaya ɗaya a baki ko a kunu ba komai, amma man tsantsa yana ƙona dasashi, wurin ya yi fari ya saɓule. In yaro ya sha, cokalin shayi ɗaya ko biyu na iya taɓa masa hanta, don haka kada ki ajiye inda Sadiq zai kai hannu. Mai shan maganin tsinka jini ma ya kiyaye. Kuma ramin yana nan yana ci, zafin kawai aka rufe wa baki. Gobe ki je a duba.

Mai Kifin Tarwaɗa: Mu ma muna amfani da man kanumfari. Ɗan ɗigo a ruwa, sai kifi ya yi laushi ya kwanta, mu auna shi ko mu cire ƙwai, a mayar da shi ruwa mai kyau ya farfaɗo. In hannu ya yi nauyi kuwa, ba ya tashi.