Rumfar da ba ta sayar da nama: halas ce kai tsaye, ko sai da tambari?

Nura, Penang: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na daina wahalar da kaina da neman tambarin halas na JAKIM, hukumar addinin Musulunci ta nan Maleshiya, a kowace rumfar abinci. Rumfunan 'yan China mabiya Buddha, waɗanda ba sa girka nama kwata-kwata, abincinsu halas ne kai tsaye. Ba yanka, ba kitse, ba romon ƙashi, to haramcin ta ina zai shigo? Akwai wata da nake zuwa a wajen Air Itam, ka ɗebi shinkafa ko taliyar bihun, ka zaɓi ganye da awara, kuɗin ma bai kai na kantin makaranta ba. Wanda ke da hujja ya kawo.

Hajiya Rabi, Serdang: Wa'alaikumus salam. Nura, awara ce kawai? Ni na taɓa leƙa irin rumfar nan, na ga wani jan nama an yayyanka, aka ce min gasasshen alade ne na ƙarya. Ko ƙaryar ce, raina bai kwanta ba.

Nura, Penang: Hajiya, wannan fulawa ce. Kwaɓin alkama ake wankewa har sitacin ya fita, danƙon da ya rage a dafa shi, a sa masa jan launi da zaƙi. Wanda suke kira agwagwa kuma fatar da ke taruwa a saman madarar waken suya ce, a naɗe a soya. Da ita da awarar da muke ci a Kano uwarsu ɗaya.

Malam Sabo, Gombak: Nura, maganarka da gaskiya a ciki, amma kalmar "kai tsaye" ce ta ɓata ta. Haramun ba a nama kaɗai take ba. Girkin 'yan China akwai giyar shinkafa, irin Shaoxing, da ake ɗan zubawa a kasko lokacin suya. Babu dabba a cikinta, don haka mai ƙin nama zalla ba ya ganin laifinta. Ka taɓa duba kwalaben da ke jere gefen kaskon matar?

Nura, Penang: Malam, ai mabiya Buddha su ma an hana su maye. Yana cikin hane-hanensu biyar. Mutumin da ko albasa da tafarnuwa ba ya sawa saboda addini, shi ne zai zuba giya?

Malam Sabo, Gombak: Mai tsananin riƙo da addininsa ba zai zuba ba, na yarda. Amma ba kowace rumfar ganye ce ta mai ibada ba. Wani kasuwa ce kawai ta kawo shi, ya ga ranar 1 da 15 ga watansu layi yake yin tsawo saboda masu kame baki daga nama. A wata na tara na kalandarsu kuwa, lokacin bikin nan na kwana tara da ake kafa tutoci ruwan ɗorawa, wasu rumfunan da ke sayar da alade duk shekara rikiɗewa suke yi su koma na ganye. Wannan fa? Ka tabbata sabon kasko suka saya?

Dakta Bilki, Skudai: Bari in sa baki ta ɓangaren da na karanta. Matsalata ba giya ba ce, naman ƙaryar ne. Yawancin masu rumfa ba su suke yinsa ba, a leda suke saye daskararre daga masana'anta. A Taiwan an taɓa gwada irin kayan nan aka samu sinadarin dabba a cikin wasunsu, an sa don ɗanɗano. Mai rumfar ma bai sani ba, da zuciya ɗaya yake sayarwa. Aikin tambari ke nan, bin kaya har inda aka yi su. Ganye, awara, shinkafa, waɗannan idona yana gani. Jan abin nan kuwa ba na ɗauka.

Auwal, Singafo: A nan ma haka tsarin yake. MUIS, majalisar addinin Musulunci ta Singafo, ita ce ke ba da tambari, kuma a cibiyoyin abinci wurin mayar da faranti ma an raba, na halas daban, na sauran daban. Rumfar ganye da ba ta da tambari, farantinta ɓangaren da ba halas ba yake zuwa. Su kansu ba su ɗauki rashin nama a matsayin shaida ba.

Nura, Penang: Auwal, wannan tsarin hukuma ne, ba hukuncin shari'a ba. Rashin tambari ba ya haramta abinci. Tuwon gidanmu ma ba shi da shi. Kuma akwai rumfar da ko ta nema ba za a ba ta ba saboda sunan abincin kawai. A 2016 ba a ce wa Auntie Anne's sai ta cire kalmar kare daga sunan wani burodinta ba? To wanda ya rubuta alade a allonsa, ko da fulawa ya yi shi, ina zai samu?

Malam Sabo, Gombak: Nan kam na ba ka. Asalin abinci halas ne har sai an ga abin da ya haramta shi, kuma a Bukhari an ruwaito sahabbai sun sha, sun yi tsarki da ruwan salkar wata mushrika tare da Manzon Allah (SAW). Amma a Bukhari da Muslim ɗin dai akwai hadisin Abu Sa'alaba kan kwanukan Ahlul Kitabi: in kun samu wasu kada ku ci a cikinsu, in ba ku samu ba ku wanke ku ci. Mu a Maleshiya mun rasa wasu ne? Ko'ina ka juya ga rumfar Malay, ga ta mamak, wato Musulmi 'yan asalin Indiya.

Hajiya Rabi, Serdang: Ga kuma ɗan jan akwatin nan da suke kunna wa turaren tsinke su ajiye lemo. In abincin gunki aka fara miƙa wa fa?

Malam Sabo, Gombak: Hajiya, ayar Baƙara ta 173 da ta Ma'ida ta 3, malamai a kan yanka suka fassara su, abin da aka ambaci sunan wanin Allah wajen yanka shi. Lemon da aka ajiye a gaban gunki ba za mu ci ba, amma shinkafar da aka dafa don sayarwa ba ta shiga ciki.

Ɗan Zinder, Penang: Ku gafarce ni, amma akwai abin da ke ba ni mamaki. Mu nan da muke ta wa Nura tambayoyi, da yawanmu muna shiga gidan abincin da aka liƙa takarda a ƙofa cewa ba alade ba kitsen alade, mu ci kaza mu side hannu. Wa ya yanka kazar? Ba wanda ya tambaya. Ita tsohuwar da ba ta taɓa sa nama a kaskonta ba, ita muka tsare da bincike. In tsoro ne, wancan ya fi cancanta a ji tsoronsa.

Dakta Bilki, Skudai: Wallahi gaskiya ka faɗa, kuma ta yi ɗaci. Wannan takardar mai shago ne ya buga abarsa.

Auwal, Singafo: To kicap fa, baƙin ruwan ɗanɗanon nan na waken suya? Shi ma ana samun ɗan barasa a cikinsa wajen tsimuwa.

Dakta Bilki, Skudai: Wannan ba shi da matsala. Majalisar fatawa ta Maleshiya ta yi bayani a 2011, ta raba giyar da aka yi don maye da ɗan abin da ke fitowa da kansa wajen tsima abinci. Kicap masu tambari cike suke da kanti. Shaoxing kuwa giya ce tun daga tulu.

Hajiya Rabi, Serdang: Ni akwai abin da ba ku taɓo ba. Ƙawayena Malay in suka gan ni da hijabi zaune a rumfar 'yan China, ba za su tsaya karanta allo ba.

Malam Sabo, Gombak: Su Shafi'iyya ne, abin da alade ya taɓa sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Mu a Malikiyya in najasar ta gushe da ruwa shi ke nan. Shi ya sa suka fi mu tsanani kan cokali da faranti. Baƙo kuma ya kamata ya lura da wannan, ko da a mazhabarsa da sauƙi.

Nura, Penang: To Malam, a ƙarshe haramun ce ko halas?

Malam Sabo, Gombak: Ban ce haramun ba, kuma ba zan ce ba. Rumfar da ganye take sayarwa duk shekara, da nata kwanukan, ba giya a girkinta, ban ga abin da zai hana ka ba. Amma waɗannan ukun tambaya ake yi, ba a ganinsu daga allo. "Kai tsaye" ɗin nan dai ka janye.

Nura, Penang: Na janye ta a kan rumfunan biki da na sabon shiga. A kan tsohuwata ta Air Itam ban janye ba. Gobe zan ce ta nuna min kwalaben.

Ɗan Zinder, Penang: Ka ɗauko hoton ledar jan naman ma, Dakta ta karanta mana. Ni zan raka ka, amma kai za ka biya.