Dan Allah wa ya san yadda kansul (ƙaramar hukuma) ke yi da maganar dukan mata a Ingila?

Maman_Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata ƙawata ce muke gari ɗaya nan arewacin Ingila, bizar aikin mijinta ta biyo, yaransu biyu ga ciki wata shida. Tun a gida na san yana da saurin hannu amma da suka zo nan abun ya ƙaru, katin bankinta ma yana aljihunsa. Satin da ya wuce ta je awo ungozomar ta hango shatin yatsu a wuyanta, ta yi maza ta ja mayafi amma ina, an riga an gani. Aka ce ya jira a waje, aka yi mata tambayoyi a wata takarda, ƙarshe matar ta ce za ta kai maganarta wani zama wai shi MARAC. Tun ranar ko barcin kirki ba ta yi, ita dai kar a ƙwace mata yara ko a maida su gida. Kotu ce ko mene ne?

Anti_Nas:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba kotu ba ce, ba alƙali a wurin, ita ma ba za ta je ba balle shi, kuma ba a faɗa masa. Zama ne da ake yi a yankin kowace kansul, wasu duk sati biyu wasu wata-wata, 'yan sanda da asibiti da masu kula da gidaje da 'yan soshal, wato ma'aikatan jin daɗin yara na kansul, kowa ya zo da abin da ya sani. Kin ga mai yiwuwa maƙwabta sun taɓa kiran 'yan sanda, makaranta ta lura yaro ya daina magana, asibiti ta ga rauni, to in kowa ya riƙe nasa guntun ba wanda zai gane girman abun sai an haɗa. A birnin Cardiff na Wales aka fara shi a 2003 kafin ya bazu. Takardar da aka cike mata tambaya 24 ce, in eh ta kai 14 ana turawa, amma ko ba ta kai ba ma'aikaciya za ta iya turawa in hankalinta bai kwanta ba, kuma shaƙe wuya ga ciki wlh ba nas ɗin da za ta yi shiru, tun 2022 ma shaƙewa laifi ne mai zaman kansa da zai iya kai mutum shekara 5 a gidan yari.
Za a haɗa ta da wata mata da ake kira IDVA, mai ba waɗanda ake cin zarafinsu a gida shawara, ita ce bakinta a zaman. Ta ɗaga wayar matar nan dan Allah, ta faɗa mata lokacin da ba ya gida. Maganar yara kuwa, eh 'yan soshal za su shigo, ba zan ɓoye miki ba, dokar cin zarafi a gida ta 2021 ta ce yaron da ke gani ko yake jin dukan shi ma an cutar da shi. Amma 'yan soshal ba sa iya ƙwace yaro daga uwa sai da kotu, kuma abin da suke dubawa shi ne uwar na ƙoƙarin kare su ko tana rufawa. Mun fi ganin matsala wajen masu cewa faɗuwa na yi a banɗaki.

Baban Khalifa:
Ni dai hajiya da an fara kiran manya da liman an zaunar da shi. Turawan nan in suka shiga gidanka ba sa fita, aure ya mutu kenan. A gida mai unguwa ko Hisbah sai su sasanta magana a wuni ɗaya.

Ummu_Sadiq:
Malam da girmanka, wanda ya kai hannu maƙogwaron mai ciki ya wuce a zaunar da shi a falo a ce ta yi haƙuri, ta koma ɗaki ɗaya da shi daren nan kuma ya san ta tona. A gidan ma ai in abu ya yi tsanani tana da gidan ubanta da za ta yi yaji, nan gidan wa za ta? Shi ya sa dokar 2021 ta ɗora wa manyan kansuloli na Ingila dole su kafa kwamiti da ƙungiyoyi da 'yan sanda da ɓangaren lafiya, su auna yawan masu buƙatar mafaka su fitar da tsari a rubuce, yana shafinsu na intanet kowa zai iya karantawa. Ana ma iya kai mace mafaka a wani gari daban.
Inda gizo ke saƙar shi ne biza Maman Iman. Irin tasu ba ta da damar cin tallafin gwamnati, kuma da kuɗin tallafin ake biyan yawancin gidajen mafakar. Akwai sassauci na wata 3 mai ba da izinin zama da damar cin tallafi da Home Office, ma'aikatar cikin gida, ke bayarwa, tun 2024 ya haɗa da matan masu bizar aiki da ta karatu, amma su ba ya kai su ga zaman dindindin kamar matar ɗan ƙasa, don haka kar ta cike komai sai ta ga lauyan shige da fice. Ita dai kansul ko yaya bizar take dokar yara ta 1989 ta ba ta hurumin tallafa wa yaran da ke cikin buƙata. In ya taso mata da dare ta kira lambar gaggawa 999, in ba halin magana ta danna 55 a wayar hannu idan an ce ta danna.

Maman_Iman:
Na gode sosai, Allah ya saka. Na karanta mata a waya ɗazu da ya fita aiki, ashe matar IDVA ɗin ta kira ta sau biyu ta ƙi ɗauka don ba ta san lambar ba. Ta ce gobe in ta kai yara makaranta za ta biyo ta nan ta kira da wayata. Fasfo ɗinta da na yaran ne dai har yanzu ba ta gano inda ya ajiye ba.