Yadda Ake Gane Zanen Masana'anta a Jikin Tsohuwar Bindiga

Masu tara tsofaffin bindigogi sun fi nanata abu ɗaya: a fara da takarda. Kundin masana'antar ƙera bindigogi ta Winchester yana gidan tarihin makamai na Cody, a jihar Wyoming ta Amurka, kuma da lambar bindiga ake duba ko an rubuta cewa da zane ta fito.

Sai a ɗauko gilashin ƙara girma. A masana'anta ana sassaƙa ƙarfe kafin a yi masa launi, shi ya sa ramin zanen da saman ƙarfen tare suke tsufa. In ramin na ƙyalli alhali ƙarfen ya dushe, daga baya aka yi shi. Haruffan kamfani da suka siɗe kuma alamar an goge an sake launi ce.

Gargaɗin da na fi riƙewa: sunan Ulrich (dangin masu sassaƙa zane da suka yi wa Winchester aiki) kaɗai ba hujja ba ce, ana buga na jabu.