Leicester ta 2016/17: Ahmed Musa ne bai yi ba, ko ba a ba shi dama ba ne?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan isha'i musu ya kaure a majalisarmu har mai shayi ya kashe risho ya kwashe kayansa ya bar mu a wajen ba mu gama ba, shi ne na ce bari in kawo maganar nan ko Allah zai sa a samu mai raba mana gardama.

Maganar Leicester ce, kakar 2016/17, wato shekarar da suka sayo Ahmed Musa daga CSKA Moscow bayan sun ci Firimiya. Ni dai har gobe ban manta wasan share fage da suka yi da Barcelona a Sweden ba, an tafi hutun rabin lokaci Barca na cin 3-0 sai aka sako Musa, yaron nan ya ɗauki ƙwallo tun daga tsakiyar fili ya tsere wa 'yan bayansu kamar an biyo shi da bulala ya narka ta a raga, can kuma ya ƙara ta biyu, aka tashi 4-2. Wallahi ranar a gidan kallon unguwarmu har benci aka karya don murna, mai gidan kallon yana ta faɗa babu mai jin sa, wani ma rantsuwa yake yi bana takalmin zinare a Kano zai kwana. To sai ga kaka ta ƙare ƙwallo 2 kacal ya ci a lig.

Ni na tsaya a kan kocinsu Ranieri ne ya danne shi. Abokina kuma ya ce a'a Musa gudu kawai ya iya, Ingila ta fi ƙarfinsa. Dan Allah waɗanda suka bi kakar nan sosai ku warware mana.

Baban Khalifa:

Wa'alaikumus salam ɗana. Kafin a zo kan Musa, ka cire wasan Barcelona ɗin nan daga lissafi gaba ɗaya. Wasan sada zumunta ai ba a auna ɗan wasa da shi, kowa jiki yake motsawa, ana dawowa daga hutun rabi koci ya zuba yara daga benci, ba mai son a karya shi kafin kaka ta fara. Kuma in za ka tuna wannan to ka tuna 'yan kwanaki kafin nan PSG ta zuba musu 4-0 a Amurka, ita wannan ba wanda yake faɗa saboda ba ta yi mana daɗi ba.

Abin da ya kashe Leicester a shekarar nan mutum ɗaya ne, N'Golo Kante. Chelsea ta ba da wajen fam miliyan 32 ta ɗauke shi, shi kenan aka zare wa ɗaki ginshiƙi. Ka ga su wasansu duka na jira ne, su bar maka ƙwallo ka yi ta juyi, Kante ya ƙwace, Drinkwater ya cilla doguwa, Vardy ya bi da gudu. To in babu mai ƙwacewa wa zai ba mai gudu? Sun sayo Mendy daga Nice ya maye gurbin, wasansa na farko a lig, da Arsenal, ya ji ciwo a idon sawu. Sannan Steve Walsh, mutumin da ake cewa shi ya haƙo musu su Kante da Mahrez, shi ma ya tafi Everton a wannan bazarar. Kuɗi kam an kashe, Musa wajen miliyan 16, Slimani daga Sporting wajen miliyan 28 a ranar da za a rufe kasuwa, ga Kapustka, ga Zieler, ga Luis Hernandez, amma duk cikinsu ba wanda ya toshe ramin tsakiya. Rufi aka yi ta gyarawa alhali daga ƙasa ruwa yake shigowa.

Tun wasan farko ma ka ga alama. Man United ta ci su 2-1 a Community Shield, wannan a bar shi, amma Hull City fa da ta hauro daga gasar 'yan dagaji, 'yan wasanta manya ko benci ba su cika ba, ta doke mai riƙe da kofi 2-1. Daga nan Liverpool 4-1, United 4-1, Chelsea 3-0 Kante yana cikin fili yana kallon tsoffin abokansa. Shi kuma ya je can ya sake ɗaukar kofin da Chelsea da maki 93. Ni ɗan Chelsea ne ba zan ɓoye ba, na ji daɗin cinikin nan.

Yaron Pillars:

Baba da girmanka amma ba ka amsa tambayar ba, an tambaye ka Musa ka tafi Kante. Ni tun yana Pillars nake kallon yaron nan a Sani Abacha lokacin da ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, saboda haka duk mai cewa gudu kawai ya iya to bai san shi ba ko kuma hassada ce.

Ku tuna watan Oktoba, ya ci Crystal Palace, sati mai zuwa ya je gidan Tottenham ya farke musu aka tashi 1-1, har da ƙarfen raga ya yi karo don kada ƙwallon ta wuce shi. Sai Janairu a kofin FA gidan Everton, Lukaku ya ci, Musa da aka sako daga benci ya zuba biyu cikin 'yan mintuna ya fitar da su. Mutumin da ya yi maka wannan me kuma kake so ya yi, ya kwanta ya mutu? Matsalar kawai ita ce wajensa akwai mai shi. Aikin da ya iya, wato gudu bayan 'yan baya, shi ne aikin Vardy, kuma Vardy ɗan gida ne ba mai ajiye shi. In an kai shi gefe kuma so ake ya riƙa dawowa yana tare baya kamar Albrighton, wanda a Rasha ba haka ya saba ba. Yau a sa ka minti 20 gobe a bar ka kana ɗumama benci, ko waye ba zai kama hannu ba. Wasa 21 aka ce ya buga a lig amma yawanci canji ne.

Kuma da ya koma CSKA aro a 2018 ai kun ga abin da ya yi wa Iceland a gasar cin kofin duniya a Rasha, ko ita ma sada zumunta ce?

Malamin Lissafi, Damagaram:

Ina gaisuwa. Ɗan Fagge ina jin ka ɗora wa Ranieri laifin da ba nasa ba, ka yi haƙuri. In akwai wanda ya yarda da Musa a kulob ɗin nan to Ranieri ne. Wasan Hull na farko da shi aka fara tare da Vardy. Wasan da ya fi kowanne girma a lokacin, na gidan Sevilla a zagayen 'yan 16 na Zakarun Turai, shi ma da Musa ya fara, bai yi wani abin kirki ba aka cire shi aka sa Gray. Aka ci su 2-1, washegari 23 ga Fabrairu 2017 aka sallami tsohon. To ka duba bayan an kore shi, Craig Shakespeare da ya karɓa me ya yi? Komawa ya yi kan mutanen da suka ci kofi sak, Okazaki bayan Vardy, Mahrez da Albrighton a gefe, sai Ndidi a wajen Kante. Daga nan ne ma Musa ya ɓace kusan gaba ɗaya. Kenan in danniya ce ba a zamanin Ranieri ta fi tsanani ba.

Ni abin da har yau yake ɗaure min kai a kakar nan shi ne yadda ƙungiya ɗaya take da fuska biyu. Ranar Asabar kamar an ɗaure musu ƙafa, ranar Talata kuma in aka kunna waƙar nan ta Zakarun Turai sai su zama wasu mutane. Karon farko kenan da suka shiga gasar, suka je Beljiyam suka ci Club Brugge 3-0, suka ci Porto 1-0, suka ci Copenhagen 1-0, suka gama rukuni a sama da maki 13, wasan ƙarshe ne kawai da an riga an wuce Porto ta huce a kansu 5-0. A lig kuwa daga shigowar 2017 wasa shida a jere ko ƙwallo ɗaya ba su jefa ba, biyar daga ciki an doke su, ga Mahrez da Slimani da Amartey sun tafi kofin Afirka a Gabon, ga Millwall da take aji na uku ta fitar da su a FA da mutum goma. Lokacin da aka kori Ranieri na 17 suke, maki ɗaya ya raba su da faɗawa.

Wasan Sevilla na biyu nan Damagaram na kalla, wuta ta ɗauke ana daf da bugun fenariti, kafin yaron ya tayar da inji har an buga, muna cikin duhu kowa ya kunna fitilar waya yana tambayar na kusa da shi, hoto na dawowa sai ga golan Leicester Schmeichel yana ihu, ashe ya riƙe ta. Ta biyu kenan da ya tare musu, don a Sifen ma ya riƙe ɗaya. Morgan da Albrighton suka ci, aka ba Nasri na Sevilla jan kati. Su kaɗai suka rage wa Ingila a kwata fainal, sai da Atletico ta zo ta cire su da 1-0 da 1-1.

Hajiya Gunners:

Ku dai ku yi ta Musa da Kante, ni 'yan wasan nake gani da laifi. Ranieri ya ɗauko ku daga inda ba a san ku ba ya ba ku kofi, a Janairu FIFA ta ba shi kocin duniya, a Fabrairu kun bari an kore shi kamar ɗan haya. Kwana huɗu da tafiyarsa kuma kuka tashi kuka ci Liverpool 3-1, kuka jera nasara biyar a lig. To da ina ƙafafun suke? An yi ta raɗe-raɗin cewa da hannun manyan 'yan wasa a korar, su kuma sun musanta, Allah dai ya san gaskiya amma ni ido ba mudu ba ya san kima. Ko da yake a Disamba ma sun ci Man City 4-2 Vardy ya ci uku, kenan in sun ga dama suna iyawa.

Ɗan Najeriyan da ya ci riba a kakar nan Ndidi ne. A Janairu ya zo daga Genk yana ɗan shekara 20, wasansa na farko ma shi ne na Everton ɗin da Yaron Pillars yake taƙama da shi, ya shiga bai ƙara fita ba. Ku je ku nemo ƙwallon da ya dirka wa Stoke daga nesa.

Ɗan Fagge:

Kai Malam wallahi ka kashe min baki, na manta shaf da cewa da Musa aka fara wasan Sevilla. To na janye maganar Ranieri, amma ta abokina ma ban karɓa ba, Yaron Pillars ya faɗi tawa, an sayi mutum ba a san inda za a ajiye shi ba. Baba na gode, Hajiya ke kuma a shekarar nan ai Bayern ta yi wa Arsenal ɗinku 5-1 gida da waje, gara ki bar Leicester ta sarara. Wai a ƙarshe na nawa suka gama ne?

Malamin Lissafi, Damagaram:

Na 12 da maki 44, daga 81 na kakar da suka ci kofi. Kuma daf da rufe kaka Tottenham ta zo har filinsu na King Power ta yi musu 6-1, Kane shi kaɗai ya ci huɗu. In za ka koma majalisa yau ka fara biyan mai shayi kuɗinsa na jiya.