Neman shawara: in bar cemba in koma kamfani, ko in ƙara haƙuri?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin dan Allah a ɓoye sunana, don ina zargin ogana ma yana nan ciki. Ni lauya ne, na yi BUK na yi makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda, bana shekara 7 kenan da aka rantsar da mu, kuma tun daga hidimar ƙasa cemba ɗaya nake, wato ofishin lauyoyi masu zaman kansu. Kullum ina hanya, safe kotun Audu Bako, in an ɗage shari'a in ruga ta Nomansland, wataran ta Gyaɗi-Gyaɗi, kuɗin adaidaita ma daga aljihuna, ga mata ga yara biyu ga haya, wlh wata ba ya kaiwa 20 sai na fara cin bashi. To yanzu wani kamfani a Sharaɗa sun ce in zo in riƙe musu ɓangaren shari'a, albashin ya ninka nawa kusan sau uku. Matsalar ita ce ni burina tun ina makaranta in zama alƙalin babbar kotu, ga shi saura shekara 3 in cika goman da ake buƙata. Mahaifina kuma cewa yake in ajiye baƙar rigar nan in zo Kwari ya ba ni shago. Kaina ya kulle.

Baban Amira:
Barista karɓi aikin nan kawai. Buri ba ya biyan kuɗin makaranta.

Tsohon Lauya:
Ƙanina, kar ka yi gaggawa, bari in faɗa maka abin da masu cewa karɓi kawai ba su sani ba. Dokar ladubban aikinmu ta hana lauyan da ke cin albashin kamfani ya tsaya a gaban kotu yana kare kamfanin, sai dai in lauyan gwamnati ne. Wato aikinka zai koma duba yarjejeniya, rubuta wasiƙu, harkar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, zaman sulhu da ma'aikata, in ƙara ta taso kuma ka ɗauko lauyan waje ka zauna a bayansa kana miƙa masa fayil. Shekarunka ba za su daina ƙirguwa ba, tsarin mulkin 1999 shekara 10 da zama lauya ya ce, amma ranar da za ka nemi kujerar sai an tambaye ka shari'o'in da kai da kanka ka yi har aka yanke hukunci. Neman muƙamin babban lauya na SAN ma haka ne, har da na kotun ɗaukaka ƙara da kotun ƙoli. Na ga waɗanda suka tafi da niyyar shekara biyu, daɗin albashi ya riƙe su, yanzu ko tambayar shaida aka ce su yi sai gumi.

Antin Kotu:
Ranka ya daɗe gaskiya ka faɗa, amma a yi wa yaron adalci. Shekara 7 mutum na ɗaukar jakar oga, sunan wa ke kan takardun? Shari'a nawa aka bar masa ya yi shi kaɗai daga farko har ƙarshe? In amsar ba ta wuce a ƙirga da yatsu ba to zaman ma ba alƙalancin yake kai shi ba. Ni na bar cemba na koma ma'aikatar shari'a kuma ban yi nadama ba, kotu nake shiga har in gaji, ga albashi ga fansho, kuɗin dai ba na kamfani ba ne. Sai dai ka sani ma'aikacin gwamnati ba shi da izinin yin aikin gefe, noma kaɗai aka yarje masa. Ka kuma dinga sa kunne in hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha za ta ɗauki majistare, da yawa daga nan suka hau.

Ɗan Kwari:
Ku dai lauyoyi akwai son wahala. Barista zo kasuwa, shadda ba ta ɗage zama.

Tsohon Lauya:
Ɗan Kwari ka ba ni dariya. Amma shagon ma da magana, lauyan da ke aikin lauya ba a yarda ya tsaya da kansa yana saye da sayarwa ba, hannun jari dai babu laifi. Ya sa ƙaninsa a shagon. Sannan ƙanina duk inda ka nufa kar ka daina biyan kuɗin lasisinka kafin 31 ga Maris, kuma kar ka fita da fayil ko ɗaya na cemba, ka rubuta inda kowace shari'a ta tsaya da ranar da aka ɗage ta ka miƙa. Kano ƙarama ce a wannan aikin, wanda ka bari yau shi za a kira gobe a tambayi halinka.

Mai neman shawara:
Na gode iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Anti tambayarki ta tsaya min a rai, na zauna na ƙirga, guda huɗu ne kacal nawa na kaina. Asabar bayan la'asar zan je gidan oga ba ofis ba, in roƙe shi ya sakar min shari'o'i da kasona a ciki. Kamfanin sun ba ni zuwa ƙarshen wata. Anti dan Allah in na yi miki magana ta akwati za ki duba min takarduna?

Antin Kotu:
Turo, amma sai dare, gobe ina da zama ƙarfe tara.